Wandon Jakin Kaumi

Duk wanda ya ci kasuwar Babura a shekarun da arzikin fetur ya fara shigowa ya san Kaumi mai kanwa. Gajere ne, mai son a saurare shi. Kullum yana hanya da jakinsa tsakanin Babura da kasuwannin Nijar, ya kai gero ya dawo da kanwa. Labari kuwa kyauta yake rabawa.

Da zaɓen 1979 ya matso, wani ɗan siyasa ya cika masa aljihu da goro, ya ce ya ɓata masa abokin takara. Kaumi ya ƙago cewa in mutumin ya ci, zai kafa dokar sa wa jakuna wando. A Babura dariya aka yi masa, sai ya haye Nijar da zancen.

Bayan sati uku zancen ya dawo a bakin fatake, ya yi ƙiba. Wai a can har an fara kama jakunan da ba su da wando, wai wani ma a rediyo ya ji.

Da Kaumi ya ji haka, sai ya miƙe. Ya ja jakinsa zuwa wurin Halliru tela, ya ce a gwada masa.

Halliru ya ce, "Haba Baba Kaumi, ba a gabana ka ƙirƙiro maganar nan ba?"

Kaumi ya ce, "Ni ne. Amma ai yanzu har ƙasar waje ta tabbatar."

Abokin takarar ya faɗi zaɓe. Jakin kuma ya ƙare daminar da shuɗin wando.