Saƙon da Yaya Habu Bai Buɗe Ba

Bana shekara arba'in da biyar ke nan da muka binne yayana Habu a Landan, kuma har yau idan aka ce da ni, “Hajiya, ga ɗan saƙo ki kai wa wane,” sai gabana ya faɗi.

Lokacin kuɗin mai ya shigo, gwamnati tana ta tura ma'aikata kwas. Ina koyon aikin jinya a unguwar Tottenham ta Landan aka turo shi. Kun dai san halinmu, mai tafiya Ingila motar haya ce. Wannan ya kawo kuka, wancan daddawa. Wani maƙwabcinmu ya kawo gwangwanin madara biyu an liƙe bakinsu, wai yaji ne a kai wa ɗansa. Da 'yan kwastan na Ingila suka fasa, tabar wiwi ce danƙare.

Aka kama Yaya. Lauyansa ya ce abu ɗaya zai riƙe: bai sani ba. Gaskiya ne kuwa. Amma ina zaune a kotu mai gabatar da ƙara ya tambaye shi ko bai yi zargin komai ba. Yaya bai iya ƙarya ba.

“Na ji warin bai yi mini kama da na yaji ba.”

“To, me ya hana ka buɗewa?”

“A wurinmu ba a buɗe saƙon mutum. Amana ce.”

Alƙali ya ce wanda ya yi zargi, ya kau da kai da gangan, doka ba ta raba shi da wanda ya sani. Abin da aka tarbiyyantar da mu a kai, shi ya ɗaure shi. Ya fito daga kurkuku ba aiki, ba lafiya, kunya ta hana shi komawa Kano. Bai daɗe ba.

Yanzu jikokina a gaban mai saƙo suke zazzage jaka, ko a jikinsu. Da Yaya yana nan da ya ce ba su da ta-ido, ni kuma da na ce masa su ne suke kwana a gidajensu.

Abin da ya rage mini nasa shi ne amsar nan da ya ƙi canzawa, kuma ina alfahari da ita ina jin ciwonta. Maƙwabcin nan ya zo zaman makoki a Kano. Aka shimfiɗa masa tabarma, ya yi addu'a mai tsawo, ya tafi. Ba wanda ya tambaye shi komai.

Allah Ya jiƙanka, Yaya.