Fuskar Baba a Gefen Auduga

Sau ɗaya tak Baba ya yarda na ɗauke shi hoto, a shekarar da audugarsa ta yi kyau. Lokacin ban daɗe da buɗe shagon hoto a Funtuwa ba, ina ta rawar kai. Na hau babur na tafi gida Bakori, na tsayar da shi kusa da tulin auduga cikin farar riga da hula, rana tsaka. Da na wanke hoton, auduga ta fito fes, riga ta fito fes, fuskar Baba kuwa baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Ya duba, ya yi dariya har da tari, ya ce, "Ai audugar ka ɗauka, ni rakiya na yi mata." Kunya ta sa na jefa fim ɗin cikin gwangwani na manta.

Yanzu kowa da waya a hannu, masu zuwa wankin hoto sun ƙare. Amma ban rushe ɗakin duhuna na bayan shago ba, ina son warin ruwan maganin nan, ko da matata ta ce da shi nake shigo mata gida.

Bara Inna, mahaifiyata, ta kira ni. Baba ya daɗe da rasuwa, ita kuma idanunta sun fara yin hazo. Ta ce, "Ɗan nan, hoton Malam na wajen auduga, yana nan? Ina so in ga fuskarsa kafin idon ya tafi gaba ɗaya."

Na koma shago na duba. Takardar hoto uku ce ta rage mini, kuma ko a Kano yanzu sai an sha yawo kafin a samu.

Da safe na rufe ƙofa, na kunna jan ƙwan lantarki, na ciro fim ɗin daga gwangwani na sa shi a injin da ke haska shi kan takarda. Inda haske ya yi yawa, nan takarda ke yin baƙi, saboda haka dabarar ita ce a tare wa fuskar haske na ɗan lokaci. Na yanki kwali kamar ƙwayar gyaɗa, na soke shi a tsinken tsintsiya, ina kaɗa shi a kan fuskar ina ƙirga a zuci. Ta farko fuskar ta yi fari fat, babu ido babu hanci. Ta biyu tsinken ya bar layi a kafaɗa. Na zauna na sha ruwa, na yi bisimilla, na ɗauki ta ƙarshe.

Da na tsoma ta cikin tiren magani ina jijjigawa a hankali, auduga ta fara fitowa, sai riga, sai ga Baba yana kallona, ya ɗan runtse ido saboda rana. Wallahi sai da na gaishe shi. Na yi murna irin wadda na daɗe ban yi ba.

Na kai wa Inna da la'asar. Ta fito tsakar gida inda haske yake, ta kai hoton har kusa da hancinta. Can ta sa yatsa a kan hularsa da ta karkace gefe.

"Dubi," ta ce, "ko ranar hoto bai gyara ta ba. Kullum sai na faɗa masa."