Baba Mani da Itatuwan 'Ya'yan Baƙi

Duk wanda ya bi hanyar Mairuwa da sassafe zai hango wani tsoho a harabar tsohuwar Makarantar Baƙi, da bokiti a hannu, yana bin itatuwa ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya ba shi ruwa, wancan ya kankare masa gara, kuma ko wanne da sunan da yake kiransa. Baba Mani ke nan. Mun daɗe muna yi masa dariya muna cewa yana gadin gonar da ba ta da mai ita, kuma yau wannan dariya ce ke ci mini rai.

Matasa ba su san makarantar da ranta ba. Wani kamfanin noma ne ya gina ta lokacin da ya kawo injiniyoyi da likitoci daga Indiya da Masar da ƙasashen Turai, don 'ya'yansu su yi karatu irin na gida. Azuzuwa kaɗan ne, amma akwai ɗakin littattafai da ɗakin gwaje-gwajen kimiyya, har da kwamin ninƙaya da mukan leƙa ta katanga muna mamakin masu wasa da ruwa a cikin rani. Ana koyar da Turanci da Faransanci da lissafi bisa manhajar Ingila. Baba Mani mai kula da lambu ne kawai, sai shugabar makarantar ta sa darasin gona a jadawali ta miƙa masa, yana koyarwa da Hausa tsagwaronta.

Shi ya kafa al'adar da ta ɗaure shi har tsufa. Duk yaron da aka kawo sai ya shuka itace, kuma shi zai riƙa ba shi ruwa da hannunsa. Malam Salihu, wanda ya tuƙa motar makarantar, ya ba ni labarin ranar da wani injiniya ya turo kukunsa ya yi wa ɗansa ban ruwa. Baba Mani ya karɓe bokitin ya ce, "Koma ka ce mashi iccen ga bai san kuku ba, yaron ya sani." In aikin iyaye ya ƙare za su koma ƙasarsu, yaro kan riƙo hannunsa ya kai shi gindin shukarsa ya ce, "Baba, ga amana." Bai taɓa cewa a'a ba.

Da tsaro ya lalace, baƙi suka kwashe iyalansu, aka rufe makarantar. Kwami ya bushe, littattafai suka zama abincin gara. Daga baya mutanen da aka kora daga ƙauyukan Sabuwa da Kankara suka cika azuzuwan. Sun zo da yara da tukwane, ba su da makamashi, ga itatuwa manya a gabansu.

Wata mata mai suna Mansura ta ɗauki gatari ta nufi wani mangwaro da wata yarinyar baƙi ta shuka. Baba Mani ya tare ta.

"Baba, ɗiyana ba su ci komi ba tun jiya," in ji ta. "Mai iccen tana can ƙasarsu ta ƙoshi."

"Gaskiyarki, ɗiyata," ya ce. "Amma in ta tambaye ni, mi za ni ce mata? Ba ni gatarin."

Ya wuce gidansa, ya sare tsamiyar da mahaifinsa ya shuka a ƙofar gida, wadda yake shan inuwarta tun yana yaro. Ya faskara, ya loda a amalanke, ya raba wa matan. Bayan ita ya bi da darbejiyoyin gonarsa. Mu da muke da gonaki da itatuwa muna zaune a majalisa muna cewa tsufa ya taɓa shi. Babu wanda ya kai ko ƙirare.

Kai ne, Baba, ka ciyar da na kusa ba ka ci amanar na nesa ba. Kai ne ka zauna cikin rana a ƙofar gidanka don alkawarin da ka yi wa yaran da wataƙila ba za su sake taka ƙasar nan ba. Gamji, mun gan ka, sai dai mun makara.

Yanzu gwiwa ta ƙi, ido ya yi rauni. 'Yarsa za ta ɗauke shi zuwa Kankara bayan an gama girbi. Na same shi makon jiya na tambaye shi wa zai bar wa aikin. Ya ce, "Na yi ta cigiya, Malam. Kowa shina da uzuri."

Mun gode, Baba Mani. Allah Ya saka maka da inuwar da ta fi wadda ka sare. Ku kuma mutanen Faskari da kewaye, ba a ce ku sare na ƙofar gidanku ba, ban ruwa ne kawai da sa ido. Masu ƙona gawayi sun riga sun zo sun tambayi ranar tafiyarsa. A cikinmu har yanzu babu wanda ya je ya tambaye shi inda yake ajiye bokiti.