Garin da Kakana Ya Sara

Kakana soja ne. Turawa suka kai shi yaƙi hayin teku, ya dawo kunnensa ɗaya ba ya ji, kuma ba ya son hayaniya. Da aka sallame shi bai zauna garinsu ba. Ya ɗauki kakata da gatarinsa ya nausa arewa, har bakin iyakar Najeriya da Nijar, inda babu kowa sai kuraye da makiyaya masu wucewa. Nan ya haƙa rijiya, ya sare daji, ya shuka gero. Mutane suka riƙa zuwa ɗai-ɗai suna neman wurin kafa bukka, shi kuma ya nuna musu da sanda. A can aka haifi babana, a can aka haife ni. Na riski Kaka da tsufansa, in mun yi masa ƙiriniya sai ya sa mu fareti da karan dawa a kafaɗa.

Yanzu ina Dubai, ina ɗaure kayan 'yan kasuwar Kano a wani sito a Al Warsan. Da daminar bara, wata rana da azahar mun kai kaya unguwar Port Saeed, sai ga kiran ƙanena.

"Yaya, 'yan bindiga sun aiko. Sun ce kafin Juma'a kowa ya tashi. Mutane sun fara ɗaure kaya, amma Baba ya ce ba inda za shi."

Na ce ya miƙa masa wayar.

"Baba, don girman Allah ka bi mutane."

"In bar wa wa ubana?" in ji shi. "Kabarinsa na nan bayan gida. Shi kaɗai ya zo wurin nan, ba abin da ya kore shi. Ni ne zan gudu?"

A bayana direba na ta buga jikin mota yana "Yalla, yalla!", wato in yi sauri. Fasfona yana hannun kamfani. Ko da ma na je, me zan yi? Ban taɓa riƙe bindiga ba. Na tsaya cikin ranar nan mai ƙuna ina ta faɗin "Baba, Baba," har layin ya yanke. Na koma na ci gaba da sauke kwalaye.

Ranar Alhamis ƙanena da maƙwabta suka cicciɓi Baba suka ɗora kan amalanke. An ce bai yi gardama ba har suka tsallaka Nijar, gidan 'yar ƙanwarsa. Can yake har yau.

Wani da ya saci jiki ya leƙa garin ya ce an girbe geron, an ƙone gidanmu. Ba mu gaya wa Baba ba. Jiya a waya ya ce in na zo hutu in raka shi ya duba gona. Na ce to, Baba.