Yatsun Noeline da fatar idon jaririya

Shekara arba'in Noeline Pascoe ta yi a rumfunan askin tumaki na garin Booligal tana tantance ulu. Rufe ido take yi ta murza gashin da yatsu biyu, ta ce wannan na riga ne, wancan na darduma. Ko burodi sai ta latsa kafin ta saya.

Jikarta Tahlia na da wata biyu wani jan kumburi ya fito mata a fatar idon hagu, kullum ƙaruwa yake. Likitar yara ta ce jijiyoyin jini ne suka cure wuri ɗaya, in ya rufe idon ya daɗe, idon ba zai koyi gani ba. Ta rubuta maganin ruwa. In bai ci ba cikin mako biyu, sai tiyata a birni.

Noeline ta karanta kwalbar, ta ɗauko ƙwayoyinta na hawan jini ta jera su. Sunan maganin ɗaya ne. Ta juya ga 'yarta Kerryn, uwar Tahlia.

"Kerryn, 'yar taki fushin wa take yi har jininta ya hau?"

"Mama, tsuke jijiyoyin yake yi. Ajiye min kwalba."

"Ni shekara tara ina sha, ban ga inda na tsuke ba."

Kullum da safe Kerryn na ɗaukar hoton kumburin. Noeline kuwa sai ta wanke hannu, ta rufe ido, ta ɗora yatsa a kansa.

Ranar da mako biyun ya cika, suka kira likitar ta bidiyo. Ta duba hotunan, ta ce girman bai ragu ba. Kerryn ta soma tambayar ranar tiyata.

Noeline ta cuso kai gaban wayar. "Likita, hoto ba ya taɓawa. Ranar farko tauri ne da shi kamar gwiwar tsohon rago. Tun Alhamis ya koma kamar gashin wuyan ɗan tunkiya."

"Mama, don Allah."

"Bar ta," in ji likitar. "Ta ina ya fara laushi?"

"Ta gefen hanci. Me ya sa ta nan?"

"Ni ma ban sani ba. Mu ƙara kwana goma."

A kwana na bakwai Tahlia na shan nono, fatar idon da kumburin ya danne ta ɗaga kamar faɗin farce. Ƙwayar idon ta bi hannun kakarta har bakin taga.

"Kin gani, Mama?"

"Yanzu dai na gani," in ji Noeline. Ta tafi wanke hannu.