Gonar da Bitrus ya zaɓa a kan jita

Bana shekara talatin ke nan da muka binne Bitrus a ƙauyensu da ke bayan Tungan Magajiya, kuma har yau ban gama huce fushin da nake yi da shi ba. Aminina ne tun muna samari a Kontagora, ni ina koyon gyaran keke, shi yana zuwa cin rani daga ƙasar Dukkawa. A coci ya koyi kaɗa jita, wata tsohuwa mai tsagaggen ciki. In tsirkiyarta ta tsinke wurina yake zuwa, in warware masa wayar birki ya ɗaura.

Bayan yaƙin basasa, kafin a yanke mana Jihar Neja, makaɗan Kudu sun riƙa ratsa garinmu a hanyarsu ta Sakkwato, samari masu gashi buya-buya da wando mai faɗin ƙafa. Na kalli da yawa, amma ɗaya ne ya zauna mini a rai. Ba mu riƙe sunansa ba, Dogo muke ce masa. Da la'asar suka kafa janareta da lasifika a filin ƙwallo. Da ya taɓa jitar lantarkin nan, a haƙarƙarina na fara jin ta kafin kunne. Ya sa ta kuka, ya sa ta shewa, ya ɗora ta a bayan wuya, ya kaɗa ta da haƙora. Wata mai ƙosai ta kwashe kaskonta ta bar wurin, tana cewa wannan yaro ba shi kaɗai ba ne.

Can wajen ƙarshe Dogo ya miƙo jitar ga jama'a don tsokana. Ban ankara ba sai ga Bitrus a kan dandamali da takalmin taya. Aka yi ta dariya. Ya ɗan lallaɓa tsirkiyoyin, sannan ya saki waƙar noman garinsu, wadda samari ke yi in sun jeru a kunya ɗaya. Dariya ta mutu. Dogo ya ɗauki wata jitar ya bi bayansa, suka riƙa miƙa wa juna kamar mata biyu a turmi guda. Ban sake jin irin wannan kiɗa ba.

Da aka tashi, direbansu ya fassara mana: Dogo ya ce Bitrus ya shiga mota, akwai gurbinsa. Bitrus ya dubi gabas, inda hadarin farko ke haɗuwa, ya ce, "Golmona bai ƙare ba." Golmo shi ne noman da saurayin Dukkawa ke yi wa surukansa shekara da shekaru kafin a ba shi mata, kuma ba shi kaɗai yake yi ba, sa'o'insa na taya shi, shi ma ya taya su. Na ce masa, "Kai wawa ne? Gona gudu za ta yi?" Ya ce, "Sun yi mini nawa, Isa. In na tafi, wa zai yi musu nasu?" Alkawari kaya ne, ya ɗauki nasa ya koma ƙauye. Ya auri Saratu, garma ta sandarar masa da yatsu, kiɗan ya koma na ranar Lahadi kawai.

Abin da ke cina yanzu shi ne gonar. Da muka ji 'yan bindiga sun addabi wajen Kumbashi, mun san abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Yau ƙauyen su Bitrus kufai ne. Gonar da ya bar Dogo saboda ita ta zama daji, ba mai kusantarta. Jitar tana rataye a ɗakin da aka gudu aka bari, in gara ta bar ta. Ashe gona tana gudu, ni ne ban sani ba. Da zai leƙo ya ga Saratu a ɗakin haya a Kontagora tana awon dawa a kasuwa, me zai ce? Har yanzu zai ce ya yi daidai?

Ba a taɓa ɗaukar kiɗansa a kaset ba. Kwanan baya na je gaida Saratu, jikan Bitrus, Luka, ya nuna mini wasu Turawa masu jita a waya, ya ce, "Kaka, haka yake kaɗawa?" Na buɗe baki in rera masa, na nemi waƙar na rasa. Tsoro ya kama ni, don ni ne kunnen ƙarshe da ya rage daga filin nan.

Cikin takaici na ce wa Saratu, "Da ya bi motar nan, da yau duniya ta san shi." Ba ta ɗago daga tsintar wakenta ba. Ta nuna Luka da haɓa, ta ce, "Da ya bi ta, Malam Isa, wa zai tambaye ka labarinsa?"

Sannan ta fara rera waƙar noman a hankali. Na ce wa yaron ya kunna wayarsa maza ya ɗauki muryarta. Ta kai inda murya ke tsayawa jita ta amsa, sai ta yi shiru. Mu uku muka zauna muna jira.