Goran Maiwada

A garin Gulma idan ka tambayi Maiwada, sai a ce maka, "Na gora?" Tun yana saurayi sunan ya bi shi, don ba a taɓa ganinsa cikin jirgi yana su ba. Shi dai ya jefa ƙaton goransa a gulbi, ya haye rub-da-ciki, homa, ragar kamun kifi, a hannu biyu, ƙafafu suna tura ruwa. Abin da ya kama ya zura cikin goran. Da rani yana da 'yar gonar shinkafa a fadama, amma zuciyarsa tana ruwa. Masu kafa gura, wato tarkon kifi, da masu shimfiɗa mamari, igiyar nan mai ƙugiyoyi, daga cikin jirgi kuwa, a wurinsa matsorata ne, kuma yakan faɗa musu a gaban idonsu.

Abin da bai faɗa wa kowa ba shi ne kumburin da ya fito masa a ƙasan mara. Gwaiwa ce, ya kuma san gwaiwa ce. Amma a bakin gulbi mai gwaiwa abin dariya ne, shi da kansa ya sha yi wa wasu. Sai ya riƙa ɗaure wurin da tsohon rawani kafin ya hau gora. Shekaru yana haka. Matarsa Hure ta lura yana cije baki in zai miƙe daga tabarma, ta yi magana, ya ce sanyin ruwa ne.

Ranar da asiri ya tonu ana sussukar shinkafa. Ya sunkuya zai ɗaga buhu, sai ya zube yana amai. 'Yarsa Salwa, wadda ba ta daɗe da gama karatu a Birnin Kebbi ba, ita ta riƙe kansa a mota har asibiti, tana kiran sunansa don kada ya rufe ido. Har yau ba ta son a tuna mata wannan hanya.

Aka yi aiki, aka dace. Ɗinki ya warke, kumburi ya tafi. Sai dai wani ciwo ya zauna a wurin, mai zafi kamar an shafa barkono, wani lokaci ya tsarga har cinya. Watanni suka shuɗe bai tafi ba. Da Maiwada ya gwada hawa gora, bakin goran ya danne daidai tabon, ya fito ruwa ba shiri.

Salwa ta mayar da shi wurin likita, tana tsoron ko aikin ne ya ɓaci. Likita ya duba, ya ce aiki lafiya lau, jijiyar wurin ce ta riƙe ciwon.

"Baba, ka daɗe kana jin zafi kafin a kawo ka?" in ji likita.

Maiwada ya dubi silin. "An ɗan kwana biyu."

"Shekaru, likita," in ji Salwa. "Da rawani yake ɗaurewa."

Likita ya ce wanda ya daɗe da ciwo kafin aiki ya fi shiga haɗarin ciwon ya zauna masa bayan aiki. Ya ba shi magani, ya ce yana iya raguwa a hankali, amma ya daina ɗora nauyinsa a kan wurin. Maiwada ya gane abin da ake nufi. 

Ya koma zaman ƙofar gida, goran yana rataye a zaure. Nan Rabi'u ya same shi, ɗan kawunsa kuma abokin wasansa, mai jirgi da gura.

"Sarkin gora, mi aka yi? An ce likita ya ciro rawani cikin cikinka!"

"Tahi can, matsoraci. Kai ko wanka ba ka yi sai da jirgi."

"To taso ka ga yadda matsorata ka cin kifi. Ina son mai riƙe min jirgi, wanga yaro nawa ya tahi makaranta."

Maiwada ya ƙi. Hure ce ta sauko da goran washegari, ta wanke shi, ta ajiye masa a gaba. "Malam, ruwa kake so ko gora? Ruwan dai yana nan inda ka bar shi."

Ya shiga jirgin yana ɓata rai, ya zauna a kan buhun ƙaiƙayi da Salwa ta ɗinka masa. Goran ya ajiye tsakanin ƙafafunsa. Da suka ɗago gurar farko, tarwaɗa ta cika ta, sai ya ji kansa yana dariya. Shi ya nuna wa Rabi'u guraben da manyan kifi suke kwanciya, wuraren da ya sani da ƙafarsa tun yana yaro.

Ciwon bai rabu da shi duka ba. Ranar da aka yi sanyi yakan tuna masa. Amma kullum da hantsi yana ruwa, kifi kuma cikin goran nan yake zuwa gida. Idan ya hangi masunci yana tafiya a tale, yana gyara ɗamara, yakan kira shi gefe, ya rage murya.

"Ɗan'uwa, kwance rawanin nan ka tahi asibiti. Ni na ɗaura kahin kai."